Gidan gado a cikin birni: esi za mu saka wa Hajiya ko rufin za mu fara gyarawa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu sanin harkar gini. Muna da gidan gado a cikin birnin Kano, ginin ƙasa ne tun na kakanmu, da zaurensa da soronsa da ɗakuna a cikin gida. Mahaifiyarmu ce a ciki tare da ƙannenmu mata. Ɗakunan gefen gabas har yau rufin azara ne, amma ɗakin Hajiya an yaye rufinsa shekarun baya da ruwa ya yi ɓarna, aka buga kwano. Tun daga lokacin ɗakin ya zama abin tausayi. Da bazara ba ya shiguwa daga azahar har bayan isha'i, da hunturu kuma sanyi ta sama yake sauko mata, sai an kai mata kaskon wuta. Ga shekaru, ga hawan jini. Yayanmu ya ce a yi wa gidan filastar siminti ciki da waje, a toshe ƙananan tagogin nan na sama, a saka esi, da sanyi kuma a saya mata hita. Ni dai hankalina bai kwanta da maganar simintin ba. Don Allah wanda ya san abin ya taimaka mana.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni a ganina Yayanku ya yi daidai. Zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, tsohuwa mai hawan jini ba ta da lokacin jiran dogon nazari. Ku saka mata esi kawai.

Tsohon Magini:
Amin wa alaikumus salam. Ɗana Baban Ummi, ni daga Zariya nake magana, kuma ginin ƙasa na gada. Esi ba fannina ba ne, amma siminti a jikin katangar ƙasa na roƙe ku ku dakata.

Katangar ƙasa tana shan danshi tana kuma fitar da shi. Da damina gindinta yakan ja laima daga ƙasa, idan rana ta fito iska ta bugi jikinta sai ta bushe. Da zarar ka lulluɓe ta da siminti, laimar ta shiga ba ta da ƙofar fita. Kuma siminti da ƙasa ba sa motsi tare, shi zai tsage, ruwan sama ya bi tsagar ya shige baya. Kai kana ganin bango sumul, alhali ciki ya zama taɓo. Ranar da zai faɗi ba ya sallama, galibi cikin Agusta da tsakar dare. Je ka ƙwanƙwasa bangon duk wani tsohon gida da aka yi wa haka, za ka ji wurare suna amsawa kamar babu komai a bayansu.

Iyayenmu da makuba suke yaɓe waje, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali kuma su yi laso, a haɗa katsin marina da gashin jima da dafara. Waɗannan suna kore ruwa, amma ba sa hana bango bushewa.

Baban Ummi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To cikin ɗakin fa? Ko a ciki ma ba za a yi simintin ba?

Tsohon Magini:
Daɓen ƙasa za ka iya yi masa siminti in ka bar ɗan tazara a gindin bango. Jikin bangon kuwa ka yi yaɓe mai laushi ka shafa farar ƙasa. Fentin mai ma ka guje shi, aikin siminti yake yi.

Ɗalibar Zanen Gini:
Barkanmu da war haka. Ina karatun zanen gine-gine a Zariya, kuma ina so in ƙara kan abin da Baba ya faɗa, domin a ganina ciwon ɗakin Hajiya a sama yake.

Bango mai kauri na tubali ba ya hana zafi shiga kwata-kwata, jinkirta shi yake yi. Rana ta daki bangon da hantsi, zafin ya yi ta ratsawa a hankali, sai dare ya iso ciki. Shi ya sa in ka shiga zaurukan Gidan Makama na Kano ko tsohon ginin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, za ka ji sanyi da tsakar rana ba tare da wata na'ura ba. Rufin soro shi ma haka yake aiki: azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa mai kauri. Kwano kuwa ba shi da kauri ko kaɗan. Da rana jikinsa yakan wuce digiri 60, ya riƙa sako zafin kai tsaye kan mutum da kan bangon ciki. Bangon da aka gina don ya tare zafi daga waje sai ya koma yana tara shi daga ciki. Da daren hunturu kuma kwanon ne ke fara hucewa, ɗumin ɗakin ya bi ta nan ya tafi. Cuta ɗaya ce take nuna kanta sau biyu a shekara.

Idan kun saka esi a ƙarƙashin wannan kwanon, zai yi ta fama da zafin rufi ne, wutar da za ku biya rabinta a banza.

Abu Sadik:
Malama, duk wannan bayanin na ji shi, amma mu da muka tashi a ɗakin soro mun san yadda yake da daren bazara. Ba ya kwantuwa. A tsakar gida muke kwana har ruwa ya sauka. Kada a mai da shi aljannar duniya.

Ɗalibar Zanen Gini:
Gaskiyarka Malam Abu Sadik, ban musa ba. Zafin da bango ya tara da rana da dare yake sakinsa. Amma ai shi ya sa magina suka bar ƙananan tagogi can sama kusa da rufi, iska mai zafi sama take tashi ta fita ta nan, mai sanyi ta shigo ta ƙofa. Tsarin shi ne a rufe ɗaki da rana, a buɗe shi da dare ya huce. Yanzu mutane sun juya abin, da rana ƙofa a buɗe, da dare a garƙame saboda sauro da ɓarayi. Waɗannan tagogin ne kuma ake cewa a toshe a gidan su Baban Ummi.

Mai Gyaran Sanyi:
Ni sana'ata ke nan, saka esi da gyaransa, don haka ba zan ce kada a saya ba. Amma akwai abin da masu gidan ƙasa ba sa tambaya sai bayan ɓarna ta auku, wato ruwan da esi yake zubarwa. Da rani kaɗan ne, da damina kuwa yana iya tara bokiti a yini. Yawancin yaranmu sai su bar ɗan bututun yana ɗiga a jikin bango ko a gindinsa. A ginin bulo tabo kawai zai yi. A ginin ƙasa kuwa wata biyu sun isa ya ci rami. Na taɓa zuwa wani gida da ɗigon esi ya zaizaye gindin katanga har hannu yana shigewa.

Sannan injin waje, wato ɓangaren esi da ke zama a wajen ɗaki, kada a rataye shi a bangon ƙasa. Ƙusa ba ta kamawa, ga nauyi, ga girgiza kullum. A yi masa ƙafa ta ƙarfe a ajiye a ƙasa nesa da bango. Hudar da za a yi wa bango guda ɗaya ce, a zura bututun roba mai faɗi a cikinta, a karkata shi waje, kuma kada a huda kusa da inda kan azara ya zauna. Ruwan a ja shi da tiyo har magudana, ko ya zuba a bokiti a ba shuka.

Sai maganar wuta. Esi mai doki ɗaya yana cin wajen wat 800, fankar sama kuwa wajen 70. In ya yi awa takwas ya ci yunit shida da ɗoriya. A Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗi, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, yunit ya haura naira 200, ku lissafa. In kuma ba a rukunin kuke ba, to wutar ce ba za ta zauna ba, sai janareta, ga kuɗin fetur tun cire tallafi a 2023. Wayoyin tsofaffin gidajen cikin birni ma yawanci don ƙwai da rediyo aka ja su. Esi ko hita sai an ja masa layinsa daban.

Maman Hanifa:
Ku yi haƙuri in katse ku. Kowa ya tafi kan zafi, ni kuwa kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai a maganar Baban Ummi, kaskon wuta. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Don girman Allah, Yaya, daga yau kada a sake kwana da gawayi a ɗakin Hajiya. Gawayi yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, ko da ya zama garwashi ja babu hayaƙi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Tsofaffi da masu ciwon zuciya da jarirai su ta fi saurin kayarwa. Duk hunturu sai an kawo mana irin wannan.

Kuma ku lura da haɗarin shawarar da ake yi. A da ana kai kasko ɗaki ana tsira ne saboda tagogin sama a buɗe suke, ƙofa kuma asabari ne. Idan kuka toshe tagogi kuka sa ƙofa mai kama jiki saboda esi, sannan hunturu ya zo aka ɗauke wuta, wata yarinya ta tausaya wa Hajiya ta kai mata kasko kamar yadda aka saba, kun ga abin da zai faru. Janareta ma haka, kada a tayar da shi a zaure ko a soro.

Baban Ummi:
Innalillahi. Wallahi Maman Hanifa jikina ya yi sanyi. Yanzu zan kira ƙannena in gaya musu. To me za mu yi mata da sanyin? Dare yakan yi tsanani a Disamba da Janairu.

Maman Hanifa:
Bargo biyu marasa nauyi sun fi ɗaya mai nauyi. Safa da hula, domin ta ƙafa da kai tsoho yake jin sanyi. A ɗaga katifarta daga ƙasa, a shimfiɗa darduma. Jakar ruwan zafi ta roba, a naɗe ta da zane a sa a ƙafafunta, kada ta taɓa fata kai tsaye, musamman in akwai ciwon suga. In tana son jin ɗumin wuta, a yi a tsakar gida da magariba, a kashe kafin a shiga.

Ɗalibar Zanen Gini:
Kuma da hunturu sai a juya tsarin bazara. A buɗe ɗakin da hantsi rana ta shiga, a rufe tun la'asar sakaliya. Sanyin Kano da dare yakan sauka wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka, amma da rana akwai ɗumi sosai. Bango mai kauri zai riƙe wannan ɗumin har asuba in rufin bai zubar da shi ba. Tagogin sama a yi musu ƙyauren katako da raga, a rufe na gefen arewa maso gabas inda iskar hunturu ke bugowa.

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe ku daga Zinder. Mu nan a unguwar Birni irin gidajenku ne da mu, kuma zafinmu bai gaza naku ba. Abin da ya fi karɓuwa wurinmu shi ne na'urar nan mai ruwa, wadda fanka ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Aikinta irin na randa ne, ruwa ya tashi ya tafi da zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, tana sanyaya ɗaki sosai, kuma wutar da take ci ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na esi ba, ƙaramin sola yana ɗaukarta. Wani alherinta ga gida irin naku, ita ba ta son a toshe ɗaki, dole a bar taga iska ta fita. Amma da damina ta kama sai a ajiye ta, domin iska ta riga ta jiƙe, ba abin da za ta ƙara sai danƙo. Kuma kada a jingina ta da bango.

A Agadas tun da aka sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013 ana sa ido kan yadda ake taɓa gine-ginen ƙasa, kuma mutane suna zaune a cikinsu, ba kufai ba ne. Hasumiyar masallacinsu mai tsawon mita 27 ta ƙasa ce, yaɓe ne yake riƙe da ita.

Alhaji Babba:
Salamu alaikum. Ni ne yayan da ake magana, ƙanena ya sa aka shigo da ni. Na karanta komai, na kuma gode, musamman Maman Hanifa, maganar kasko ta wuce daga yau. Amma ina so a ji nawa ɓangaren.

Ni nake biyan kuɗin yaɓen gidan nan duk shekara kafin damina. Maginan da suka iya aikin a unguwarmu sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo ko sun kama wata sana'a. Azara ta giginya mai kyau, wadda gara ba ta ci, yanzu sai an yi cigiya, wadda ake kawowa kasuwa rabinta ɗanya ce. Kududdufan da ake ɗibar ƙasa an cike su an yi gidaje, ƙasar ma sai an sayo ta a tifa, tifa kuma ba ta shiga lungunmu, sai a baro. Iskar daren da Malama take magana, maƙwabcinmu na yamma ya ta da bene hawa biyu ya tare ta. Kwana a tsakar gida kuma ba zai yiwu ga mata su kaɗai ba a wannan zamanin, ana hango su daga sama. Ba ƙin gidan kakanmu nake ba, a cikinsa aka yanke mini cibiya. Uwa nake dubawa, ita ce ba ta da madadi.

Abu Sadik:
Alhaji ka faɗi abin da ke raina. Masu cewa a adana tarihi yawancinsu ba a ciki suke kwana ba.

Tsohon Magini:
Malam Abu Sadik, ni a ciki nake kwana, shekaruna duka. Alhaji Babba, ranka ya daɗe, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, har da na azara, abin yana ci mini rai. Ban ce ku mayar da rufin soro ba in babu hali. Rufin soro in ba a kula da indararo ba shi ma kisa yake yi. Abin da nake cewa, kuɗin da za ka kashe a filastar gida duka, ba zai sanyaya ɗakin Hajiya ko kaɗan ba, kuma zai rage wa gidan kwana. Ka kashe shi a kan rufin ɗaki ɗaya. Yaɓen shekara kuma zai ragu in kwanon ya fito ya yi wa bango baki mai tsawo, ruwa ya daina dukan kansa.

Alhaji Babba:
To Baba, in ba soro ba, me za a yi wa rufin?

Ɗalibar Zanen Gini:
Baba ya ba ni izini in amsa, ya gyara mini in na kauce. A ɗaga kwanon sama, a yi silin mai kauri a ƙarƙashinsa, a bar sarari tsakaninsu a buɗe ta gefe biyu da raga, iska ta riƙa wucewa tana kwashe zafin kafin ya sauko. Kwanon ya zama laima kawai. Haka mai zanen gini Francis Kéré ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, bangon ƙasa, silin na tubali, kwano a ɗage can sama, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. A Dandaji ta Nijar ma Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu suka gina sabo da tubalin ƙasa, tare da maginan garin. Ku ba sai kun kai nan ba. Silin na katako da abin tare zafi a shimfiɗe a kansa ya wadatar, a kuma shafa wa bayan kwanon farin fenti. Silin roba siriri da ake yayi yanzu ado ne kawai, ba ya tare komai.

Tsohon Magini:
Haka ne 'yata. Abu ɗaya zan ƙara, katakon da zai ɗauki kwanon kada a dasa shi kai tsaye a kan ƙasa. A shimfiɗa katako mai faɗi a kan bangon ya raba nauyin, a ɗaure shi da kyau, domin iskar farkon damina tana son rufin da ke da sarari a ƙasansa.

Mai Gyaran Sanyi:
In aka yi wannan, Alhaji, ko ka saka esi daga baya ƙarami zai ishe ka, irin mai inbata da ke rage cin wuta, ka sa shi a digiri 26 ko 27 tare da fanka. Kada a daskarar da ɗakin ƙasa, tsohuwa ma ba ta so. Ni shawarata ku yi rufin, ku sa fankar sola, ku ga bazara ɗaya.

Alhaji Babba:
A nan ne ban yarda ba. Ba zan yi gwaji da lafiyarta ba. Rufin za a yi, na karɓa. Siminti a bango na janye, tunda Baba ya yi magana. Tagogin sama za a bar su a yi musu ƙyaure. Amma esi zan saka a ɗakinta tun bana, saboda makonnin nan na ƙarshen Afrilu da farkon Mayu da hadari ke haɗuwa ba ya zuba, zafi da gumi su haɗu. A lokacin na'ura mai ruwa ba ta aiki, fanka kuma wuta take hurowa.

Ɗan Damagaram:
Wannan lokacin kam gaskiya ne Alhaji, mu ma a nan shi ne mafi wuya.

Maman Hanifa:
Ni ban ga laifin esi ga mai hawan jini ba a irin waɗannan kwanakin, in dai tana shan ruwa sosai kuma ba ya busa ta kai tsaye. A riƙa wanke ragarsa saboda ƙura.

Baban Ummi:
Yaya, na yarda da hakan, sharaɗina dai a bi abin da Mai Gyaran Sanyi ya faɗa kan ruwan da injin waje, kuma rufin ya riga esi. Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, akwai wata tsaga a bangon ɗakin ta gefen lungu, daga sama ta sauko kamar kamu biyu. Za a iya ɗora sabon rufi a haka?

Tsohon Magini:
A'a, kada a ɗora komai tukuna. Ka ɗauko hotonta daga ciki da waje, da gindin bangon ta gefen lungun, in ga ko kwata tana bi ta wurin. Ka kuma shafa ɗan yaɓe siriri a kan tsagar yau, ka duba bayan mako biyu. In ya tsage, bangon yana motsi, sai an fara gyaran gindinsa kafin a taɓa sama.